Daga Hashishar Misira zuwa Wiwin Takur: Tarihin Hukunci da Wani Ciwon Amai da Ake Jingina wa Sammu

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda malaman Musulunci suka fuskanci hashisha, wadda muke kira tabar wiwi, tun daga Misira ta ƙarni na bakwai na Hijira har zuwa unguwannin Dutse na yau. Ta nuna cewa saɓanin da ya gudana tsakanin Ƙarafi da Manufi da Ibnu Taimiyya ya ginu ne a kan abin da kowannensu ya gani a jikin masu cin ganyen. Daga nan ta kawo bayanin wani ciwon amai mai dawowa, wanda likitoci suka siffanta a 2004 suka danganta shi da daɗewa ana shan wiwi, tare da abin da sanin hakan ke ɗora wa malamin da ake kawo wa irin waɗannan marasa lafiya.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya girmama ɗan Adam da hankali, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, dalilin wannan rubutu wani abu ne da ya faru a unguwarmu ta Takur. Wata bazara, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Dutse ke korar mutane daga ɗaki zuwa tsakar gida, wani dattijo maƙwabcina ya tare ni bayan sallar Asuba ya ce, "Malam, ina roƙon ka zo ka yi wa yaron nan tofi. Jifa aka yi masa."

Ɗan nasa saurayi ne da bai kai shekara talatin ba. Duk bayan wata biyu ko uku sai amai ya kama shi, ya yi kwana biyu ko uku ko ruwa ba ya zama a cikinsa. An kai shi asibiti sau uku, an yi masa ƙarin ruwa, an ba shi maganin taifot da na gyambon ciki, ya warware, ciwon ya sake dawowa. Abin da ya sa mutanen gidan suka sakankance cewa lamarin ba na asibiti ba ne shi ne, a cikin wannan zafi, yaron ba ya samun sauƙi sai an dafa masa ruwa mai ƙuna ya yi wanka, sau biyar ko shida a yini, har itacen gidan ya ƙare. Mahaifiyarsa kuwa ta riga ta ɗora zargi a kan kishiyarta.

Na je na yi masa addu'a. Da yamma na ba wani abokina likita labarin, sai ya yi mini tambaya guda: yaron yana shan wiwi? Amsar wannan tambaya ce ta mayar da ni ga littattafan da na karanta shekaru da yawa ba tare da na lura da hanyar da masu su suka bi ba.

2.0 Bayyanar Hashisha a Ƙasashen Musulmi

Likitocin Musulmi na farko sun san tsiron da Larabawa ke kira ƙinnab, ana igiya da zarensa, ana magani da irinsa. Cin ganyensa domin maye kuwa bai yaɗu ba sai daga baya, shi ya sa ba a samu maganar limaman mazhabobi huɗu a kansa ba. Ibnu Taimiyya (ya rasu 728H/1328M) ya bayyana cewa ya yaɗu ne a ƙarshen ƙarni na shida da farkon na bakwai, daidai da ɓullowar Tatar.

Masanin tsirrai ɗan Andalus, Ibnul Baiɗar (ya rasu 646H/1248M), ya siffanta a cikin littafinsa Aljami'u li Mufradatil Adwiya wal Agziya wani nau'in da ya gani a lambunan Misira, ana kiransa ƙinnab na Indiya, mutanen ƙasar kuma suna ce masa hashisha. Ya faɗi yadda ake dafa ganyen, ko a soya shi a gauraya da riɗi da sukari a ci, ya kuma ce ya ga waɗanda hankalinsu ya taɓu saboda shi. Maƙrizi (ya rasu 845H/1442M) ya kawo a cikin Alkhiɗaɗ hikayar da ke danganta gano ganyen ga wani Shehu Haidar na Khurasan. Hikaya ce irin ta mabiya, amma tana nuna cewa tun farko masu cin ganyen sun nema masa rigar addini da ta magani.

Sarakuna sun gwada ƙarfi. Zahir Baibaras (ya rasu 676H/1277M) ya hana shi tare da giya. Wajen 780H/1378M Amir Sudun Shaikhuni ya sa aka tumɓuke gonakinsa a Alƙahira, aka kama masu cinsa aka cire musu haƙora. Maƙrizin da ya ba da wannan labari shi ne kuma ya yi kukan cewa bayan 'yan shekaru an koma cinsa a fili ba kunya.

3.0 Saɓanin Fuƙaha'u da Abin da Aka Gina Shi a Kai

Malamai ba su saɓa ba a kan haramcin cin abin da ke gusar da hankali daga ganyen. Saɓaninsu yana kan ajin da za a sa shi. Shihabuddin Ƙarafi (ya rasu 684H/1285M), jigo a mazhabar Malikiyya, ya keɓe bambanci na arba'in a littafinsa Alfuruƙ domin rarrabe abubuwa uku. Muskir shi ne abin da ke gusar da hankali tare da nishaɗi da farin ciki, gaɓoɓin ji da gani suna aiki, kamar giya. Murƙid shi ne wanda ke gusar da hankali da gaɓoɓin baki ɗaya. Mufsid shi ne mai rikita hankali ba tare da rinjayen nishaɗi ba, kamar banju da saikaran, waɗanda mafi kusa da su a wurinmu shi ne zaƙami, wanda Hausawa ke kira haukata-yaro. Amfanin rarrabewar shi ne hukunci uku da suka keɓanci muskir: haddi, da najasa, da haramcin kaɗan ɗinsa ko da bai bugar ba.

Ƙarafi ya sa hashisha a ajin mufsid, mai cinta kuma ladabtarwa ce a kansa. Hujjarsa ita ce abin da ya lura: mashayan giya sukan yi ƙarfin hali da hayaniya da faɗa, masu cin hashisha kuwa sai ka gan su shiru, jiki a mace. Bayansa da shekaru, Shehu Abdullahi Manufi (ya rasu 749H/1348M), malamin Shehu Khalil mai Mukhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu, ya zaɓi cewa muskir ce. Khalil ya kawo hujjar malamin nasa a Attaudihi, Haɗɗab (ya rasu 954H/1547M) kuma ya naƙalto ta a Mawahibul Jalil. Ma'anarta ita ce an ga masu cinta suna sayar da dukiyarsu saboda ita, da ba su samun daɗi a ciki da ba su yi haka ba, domin ba a taɓa ganin wanda ya sayar da gidansa don ya ci saikaran ba. Ibnu Taimiyya shi ma ya riƙe ta muskir, ya wajabta haddi, ya ce ta wasu fuskoki ta fi giya muni. Badruddin Zarkashi Bashafi'e (ya rasu 794H/1392M) ya rubuta risala sukutum mai suna Zahrul Arish fi Tahrimil Hashish, inda ya kawo cewa an ƙirga mata cutarwa 120 ta addini da ta duniya.

Duk wanda ya natsu a kan waɗannan maganganu zai ga nassoshin da ke hannunsu ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne ganin ido. Ƙarafi ya dubi majalisar masu ci, Manufi ya dubi dukiyarsu, Ibnul Baiɗar ya dubi jikinsu. Wannan shi ne abin da malaman usul ke kira tahƙiƙul manaɗ, wato tabbatar da samuwar illar hukunci a cikin abin da ke gabanka, aiki ne kuma da ba ya ƙarewa da mutuwar wani ƙarni.

4.0 Daga Taba zuwa Wiwi a Ƙasarmu

Ma'aunin Ƙarafi ya iso Yammacin Afirka ne ta littattafan Malikiyya, kuma gwajinsa na farko taba ce. A 1016H/1607M Shehu Ahmad Baba na Tambutu (ya rasu 1036H/1627M) ya rubuta Allam'u fil Ishara li Hukmi Tibg, ya halatta ta bisa cewa ba ta gusar da hankali. A Misira Ibrahim Laƙƙani (ya rasu 1041H/1631M) ya hana, Aliyu Ujhuri (ya rasu 1066H/1656M) ya halatta. A ƙarshen ƙarni na 17 Muhammadul Wali ɗan Sulaiman, Bafulatanin Bagarmi, ya yi wa Ujhuri raddi a Al'adillatul Hisan. Waɗanda suka halatta ba su yi sakaci ba, iyakar abin da zamaninsu ya nuna musu ke nan. Sai a shekarun 1950 binciken likitoci ya tabbatar da alaƙar sigari da sankarar huhu, daga nan fatawoyi da yawa suka karkata ga hani. Nassi yana nan yadda yake, saninmu ga tabar ne ya ƙaru.

Ita wiwi baƙuwa ce a ƙasar Hausa idan aka kwatanta da taba, sunanta ma a jikin tabar aka rataya shi. Dokar Turawan mulkin mallaka ta 1935 kan magunguna masu haɗari ta ambace ta, amma yaɗuwarta ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin Aro da ke Abeokuta, Tolani Asuni a 1964 da Adeoye Lambo a 1965, sun yi rubutu a kanta, bayanin da ya shahara tun lokacin kuma shi ne ma'aikatan jiragen ruwa da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama sun taimaka wajen yaɗa ta. A 1966 gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa doka mai lamba 19, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, da ɗaurin aƙalla shekara 10 ga mai sha. An sassauta dokar a 1975. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48.

Jihar Jigawa ta samu ne ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birninta, unguwanni irin su Takur suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da matasa masu neman abin yi. A 2000 jihar ta shiga sahun jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a. Duk da haka, binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha, a shiyyar Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai kashi 12 cikin ɗari. Daga haƙoran da Sudun ya cire zuwa dokar 1966, darasin ɗaya ne: hukunci yana da gurbinsa, amma shi kaɗai bai taɓa raba mutane da ganyen nan ba.

5.0 Ciwon Aman Wiwi

A 2004 likita J. H. Allen da abokan aikinsa a yankin Adelaide na Kudancin Ostareliya suka buga rahoto a mujallar Gut. Sun gano mutum 19 masu shan wiwi na dogon lokaci da ke fama da amai mai dawowa, suka kawo cikakken bayanin tara daga ciki. A dukkansu shan ya riga ciwon. Waɗanda suka daina sun warke, waɗanda suka ci gaba ciwon ya ci gaba, waɗanda suka koma bayan dainawa ya dawo musu. Kusan dukkansu kuma suna yawan wanka da ruwan zafi lokacin ciwon. A 2012 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka kawo bayanin mutum 98, a 2016 kuma aka shigar da ciwon cikin ma'aunin Rum na huɗu, wanda likitocin ciki da hanji ke dogara da shi.

Ciwon yana da matakai uku. Na farko tashin zuciya ne da sassafe da rashin jin daɗin ciki, yakan ɗauki watanni ko shekaru. Na biyu amai ne ba ƙaƙƙautawa da ciwon ciki, yini ɗaya zuwa kwana biyu ko fiye. Na uku lafawa ce, mutum ya koma cin abinci kamar ba abin da ya same shi, har zuwa wani zagayen. Haɗarinsa yana cikin ƙarewar ruwan jiki da gishirinsa, wanda kan kai ga lalacewar ƙoda, da yagewar maƙoshi saboda yunƙuri, da ƙunar fata daga ruwan wanka. An samu waɗanda ya yi ajalinsu.

Abin da ke ruɗar mai ciwon shi ne wiwi tana kwantar da tashin zuciya a farkon lamari. Sinadarinta mai bugarwa, THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tace a 1964, yana aiki a kan wasu makarɓa da ke ƙwaƙwalwa da hanji, har a 1985 Amurka ta amince da wani magani da aka yi da shi domin masu sankara da maganinsu ke sa su amai. Bayanin da ya fi rinjaye wajen likitoci shi ne shan yau da gobe na shekaru yana dakusar da waɗannan makarɓa ya kuma jinkirta fitar abinci daga tumbi, sai lamarin ya juye. Mai ciwon yakan ƙara sha don neman sauƙi, alhali itace yake ƙara wa wuta. Ruwan zafin kuwa ana ganin yana taɓa makarɓan fata masu jin zafi da yaji, shi ya sa likitoci kan shafa wani man da aka yi da sinadarin barkono a ciki. Wannan man asibiti ne mai ma'auni, ba barkonon miya ba. Magungunan amai na yau da kullum sau da yawa ba sa tasiri, kuma maganin da ke kawar da ciwon gaba ɗaya shi ne daina sha.

Akwai kuma bambanci tsakanin ganyen da Ƙarafi ya gani da na yau. Mutanen zamaninsa ci suke yi, namu zuƙa suke, sau da yawa a yini. An kuma ƙara wa irin ƙarfi. A Amurka, gwajin wiwin da hukuma ta kama ya nuna THC ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin 12 a 2014.

6.0 Abin da Wannan Ke Ɗora wa Malami

Na farko, hujjar masu cewa ai ganye ne, magani ne, tsohuwa ce tun zamanin hikayar Haidar, amsarta kuma tana cikin mazhaba. Ibnu Farhun (ya rasu 799H/1397M) ya ga halaccin shayar da murƙid domin yanke gaɓa, saboda lalura, da gwargwado, a hannun masani. Wannan bai shafi wanda ke naɗa ganye a lungu ba. Ko da an bi Ƙarafi cewa mufsid ce, ƙa'idar kawar da cuta da wajabcin kiyaye rai sun isa su hana abin da ke kai ƙoda ga lalacewa. Mas'alar da magabata suka fi tattaunawa a babin kiyaye hankali ta shiga babin kiyaye jiki ma.

Na biyu, a garuruwanmu malami ake fara kai wa ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sihiri da kambun baka gaskiya ne, ruƙiyya kuma sunna ce, amma jingina ciwo ga wani mutum ba da hujja ba mummunan zato ne da Alƙur'ani ya hana a Suratul Hujurat. Idan malami ya gyaɗa kai ga maganar jifa ba tare da bincike ba, an bar jaki ana dukan taiki, ciwon yana ci, zumunci yana yankewa. Ba aikin malami ba ne ya yanke cewa wannan ciwon wiwi ne, domin amai yana da dalilai masu yawa kuma ba kowane mashayi yake samunsa ba. Aikinsa shi ne ya san alamun, ya yi addu'a, ya tura ga likita, ya kuma gaya wa mai ciwon ya faɗa wa likita gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na uku, gaskiyar ba ta fitowa sai an sami aminci. Saurayin da ke tsoron mahaifinsa da Hisba da NDLEA ba zai yi iƙirari a gaban jama'a ba. Shari'a ta kwaɗaitar da suturta mai saɓon da bai bayyana shi ba, musamman wanda ya zo neman mafita. A keɓe shi, a tambaye shi da taushi, a sanar da shi cewa makon farko da na biyu na dainawa suna zuwa da rashin barci da saurin fushi da rashin cin abinci, kuma suna wucewa. Wanda abin ya fi ƙarfinsa a haɗa shi da masana, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau a Kano, a kuma cire wa iyalinsa kunyar zuwa can.

7.0 Kammalawa

Da na keɓe da ɗan maƙwabcina na tambaye shi, ya daɗe kansa a sunkuye kafin ya ce, "Malam, shekara takwas ke nan, kullum. Don Allah kada Baba ya ji." Na ce masa ba daga bakina ba, amma likita dole ya ji. Ya daina, ya yi wata biyar lafiya. Ya koma, amai ya dawo cikin 'yan makonni, wannan ne ya gamsar da shi fiye da duk wa'azin da na yi masa. Daga baya shi da kansa ya gaya wa mahaifinsa. Zargin da aka ɗora wa matar gidan kuwa ya fi ciwon wuyar warkewa, domin ta riga ta ji abin da aka faɗa a kanta.

Mun gaji hukuncin Ƙarafi da na Manufi, muna haddace su muna koyar da su. Ya kamata mu gaji hanyarsu kuma, wato duban abin da ganyen ke yi wa mutanen zamaninmu, da tambayar waɗanda suka fi mu saninsa. Ina ba da shawarar a shigar da wannan babi cikin darasin fiƙihun abinci da abin sha a sassanmu, a riƙa gayyatar likitoci su yi bayani ga ɗalibai da limamai da masu ruƙiyya. Allah Shi ne Mafi sani, Shi muke roƙo Ya shirya matasanmu Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.